Barguna Uku, Mako Uku: Wanne Za Ki Fara Gamawa?

Wata malamar makaranta daga Zariya ta rubuto mana cewa ta koyi ɗinkin bargon ƙyallaye a waya, don sha'awa kawai, ba don sayarwa ba. Tun farkon zangon karatu ta ɗaura niyyar guda uku kafin shekara ta ƙare: babba na bikin ɗiyar yayarta, ƙarami na jaririn abokiyar aikinta, da wani na Hajiya mahaifiyarta saboda sanyin hunturu. Yanzu an yi hutu, saura mako uku biki, gida ya cika da baƙi. Ta gama fuskar babban, na jaririn yana rabi, na Hajiya kuwa yanka kawai aka yi. Ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, ga bayan yana tattarewa duk sanda ta gwada haɗawa. Ta ce kullum tana kan keke, amma ba ta ga abin da ta gama ba.

Malama, sannu da ƙoƙari. Ba lalaci ke damun ki ba, lissafi ne ya kwace miki tun farko. Kin ɗauka idan an gama fuska an gama bargo, kuma kusan duk sabon shiga haka yake ɗauka, domin fuskar ita ce mai daɗin yi, ita ake ɗauka hoto. Amma bargon nan hawa uku ne: fuska, ciki da shafi. Shimfiɗa su, kafe su, bin su da ɗinki har su zama abu ɗaya, sannan naɗe baki, wannan aikin yakan ci lokaci daidai da na fuskar, wani lokaci ya fi. Wato wanda kike ganin kin gama, rabi kika yi.

Irin ɗinkin da kika koya na Amurka ne da Ingila, kuma can ma wannan ciwon kan yana kama su duk shekara. Daga bikin godiyar Amurkawa, wanda ke faɗowa Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, zuwa Kirsimeti kimanin mako huɗu ne, kuma a nan ne kowa ke son gama kyautar da ya yi alkawari. Sai dai suna da abin da ba ki da shi. Akwai masu manyan kekuna masu dogon hannu waɗanda sana'arsu ke nan: a kai musu fuska da shafi, su haɗa, a biya su, kuma sukan rufe karɓar aikin Kirsimeti tun da sauran makonni. Suna da wuƙar yanka mai taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, mai yanka ninki huɗu a ja ɗaya. Har ƙyallayen ma ana sayar musu yankakku a ƙunshe. Ke kuwa almakashi ne da kwali da alli. Saboda haka ki daina auna saurinki da na matar da kike kallo a waya.

Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ga yadda ni zan jera su: na amarya farko, na Hajiya na biyu, na jariri ƙarshe. Biki ranarsa ba ta motsi. Jariri ko bayan arba'in aka kai masa bargo ba a makara ba, zai yi shekara biyu yana kwanciya a kai. Na Hajiya ne nake jin tsoro, domin uwa ba za ta buɗe baki ta tambaya ba, shi ya sa kullum nata ake turawa baya. Amma sanyi yana da wa'adi. Bargon da ya iso a watan Maris sai dai a ninke shi a adaka har baɗi.

Mu fara da kusurwoyin da suka hana ki barci. A ce bargonki inci 60 ne da 80, kuma kin yanka ƙyallaye masu inci 5. Bayan ɗinki kowanne zai koma inci 4 da rabi, sai ya zama 13 a jere, layi 18, jimla 234. Ƙa'idar wannan ɗinki ita ce a bar rubu'in inci daga baki, kimanin milimita 6. To a kowane layi akwai gaɓa 12. In kika zarce da milimita ɗaya tak a kowace gaɓa, ƙyalle biyu ne suka yi asara, wato milimita 2 sau 12: layin ya gajarce da kusan inci guda. Layin da ke ƙarƙashinsa kuma wataƙila ranar hannunki ya tsaya daidai. Ta ina za su haɗu? Maganin na gaba mai sauƙi ne. Ki auna rubu'in inci daga allura, ki manna tef mai kauri a kan farantin keke, ki riƙa jingina bakin ƙyalle da shi. Wajen guga kuma ɗorawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen, don ja yana miƙar da ƙyalle. Gaɓoɓin layi ɗaya a kwantar da su dama, na gaba hagu, sai su shige juna in an zo haɗawa.

Wanda aka riga aka ɗinka fa? Kada ki farke. Ki ɗaga fuskar a haske, ki duba bayan, duk inda bakin da kika bari ya yi siriri har zai iya buɗewa a wanki, nan kaɗai za ki sake bi. Sauran ki bar shi. A wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, matan baƙar fata sun yi shekaru aru-aru suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aikin gona, layukansu a karkace, don dai yara su samu abin rufa. A 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 kuma hukumar gidan wayar Amurka ta buga hotunansu a jikin kan sarki. Babu wanda ya je can da tef yana auna kusurwa. Amarya ma ba za ta auna ba.

Abin da zai iya ba ki kunya da gaske shi ne zuba. Ƙyallayen da ake tsintowa wurin tela gauraye suke, wata atamfar ba ta zuba, wata kuwa ruwan farko za ta rina maƙwabtanta, musamman ja da shuɗi mai duhu da duk abin da aka yi wa rinin gida. Ki jiƙa farin ƙyalle, ki goga a kan kowane launi mai ƙarfi. Wanda ya bar alama sosai, in bai wuce biyu ko uku ba, shi ya cancanci a cire a musanya. Shafi kuwa lallai ki wanke shi ya bushe kafin ki yanka, balle in akoko ne, don yana tsukewa ba kaɗan ba.

Sai ciki. Na san hankali zai tafi ga audugar rimi, tunda da ita ake cusa matashi, kuma irin wannan cushen ne a lifidin dawakin da muke gani ranar hawan salla. Ki lura da yadda ake bin lifidi da ɗinki kusa-kusa, don audugar sakakkiya ce, in ba a tsare ta ba sai ta gudu gefe guda. Kuma ba kowane mako ake wanke lifidi ba. Bargon da zai riƙa shiga ruwa, rimi dunƙulewa zai yi. Siririn soson katifa shi ma ban yarda da shi ba, yana da zafi, kuma in ya tsufa marmashewa yake. In ba ki samu audugar da aka yi shimfiɗa don wannan aikin ba, ki nemi bargo mara kauri ko zanen gado mai gashi-gashi, wankakke. Ya wadatar da sanyin Zariya.

Tattarewar baya kuwa daga shimfiɗa take farawa, ba daga keke ba. Ki share tsakar ɗaki, ki kifa shafin, ki manne gefunansa da tef a ƙasa, ya miƙe amma kada ki ja shi har ya ɗame. Shafi da ciki su zarce fuska da inci 4 ta kowane gefe. Ki ɗora ciki, ki ɗora fuska, ki riƙa shafawa da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki. Sannan fil mai makulli, tazarar faɗin tafin hannu tsakanin kowane biyu, daga tsakiya nan ma. Zai ci miki rabin yini da gwiwoyinki, kuma shi ne matakin da mai sauri ke tsallakewa ya dawo yana kuka. A keke, ki sa sabuwar allura lamba 14, ki buɗe tsawon ɗinki zuwa kimanin milimita 3. In kekenki na ƙafa ne irin na gida, ki sassauta kusar da ke can sama, wadda ke danne ƙafar keke, domin dannawa da ƙarfi ce ke tura hawan sama gaba ya bar na ƙasa. Ki naɗe rabin bargon ya shige ƙarƙashin hannun keke, ki jawo tebur ya ɗauki nauyin sauran. Bargon da ke rataye yana jan allura. Layuka miƙaƙƙu kawai za ki yi, na tsakiya farko. Zanen furanni sai wata shekarar.

In kwana goma suka rage ba ki fara wannan ɗinkin ba, ki haƙura da keke, ki koma ɗauri. Zare mai kauri a babbar allura, a soka ta huda hawa uku, a dawo kusa da inda aka shiga, a ƙulla sau biyu, a yanke a bar ɗan jela, a kowace mahaɗar ƙyallaye. Tsohuwar hanya ce, ba ha'inci ba. Kuma a nan baƙin da suka cika miki gida za su yi rana. Matan karkarar Amurka a da sukan taru su kewaye bargo ɗaya su gama shi a yini, kamar dai aikin gayya a gona. 'Yan mata huɗu da hira, kafin la'asar an ƙulle bargon amarya.

Kada ki raina baki. Kewayen inci 60 da 80 inci 280 ne, kusan yadi 8. Yadda aka saba, ana yanka ɗamara mai faɗin inci 2 da rabi, a ninka biyu, a ɗinka ta gaba da keke, a juya a bi bayan da hannu, kuma wannan dare biyu ne ko uku. Gajeriyar hanya: ki datse ciki daidai da fuska, ki bar shafi ya zarce da inci ɗaya, ki kalmaso shi sau biyu zuwa gaba, ki bi da keke. Ki sa a ranki cewa kwana uku kafin biki allura ta huta, don a wanke shi da ruwan sanyi, shi kaɗai, ba tare da jiƙawa ba, ya bushe a inuwa. Kafin nan ki ɗinka sunanki da shekara a kusurwar baya. Akwai bargon da wata mata mai suna Jane Stickle ta gama a 1863, mai ƙyallaye 5,602, yana gidan tarihi na Bennington a jihar Vermont. An san mai shi da shekarar da adadin ne saboda ita da kanta ta ɗinka su a jikinsa.

Na Hajiya, ki ajiye ƙananan da kika yanka, ki sake yanka manya masu inci 10 da rabi. Guda 48 sun ba ki girman da 234 suka bayar, kuma yini biyu ya isa fuskar. Ki zaɓi zannuwanta da ta daina ɗaurawa in za ta ba ki, sun sha wanki, sun yi laushi, ba sauran zuba. A ɗaure shi, a kalmasa baki, ya isa hannunta a makon farko na Janairu.

Wajen rabon lokaci, awo da yanka na safe ne bayan asuba, kafin yara su tashi, don kuskuren almakashi ba ya gyaruwa. Ɗauri da cire fil da yanke zare ana yin su ana hira. Bayan isha'i in ido ya fara yaji, ki rufe keke. Kuma ki daina ƙirga ƙyallayen da kika haɗa a matsayin ci gaba. Ki rubuta matakan da suka rage a takarda ki manna a bango, kina gamawa kina sokewa.

Na jariri kuma ki zuba shi a jaka ɗaya da duk ƙyallayensa da kwalin da kika yi awo da shi da zaren da kika fara da shi. Ki sa takarda a ciki: girman da kike nufi, layi nawa kika gama, nawa suka rage, da gefen da kika kwantar da gaɓar layin ƙarshe. Kada faɗinsa ya wuce inci 40, don faɗin yadi ɗaya ya ishe shi shafi ba sai kin yi haɗi ba.