Darasi: ciwon ciki mai daɗewa

Ƴan'uwa, ciwon ciki ba iri ɗaya ba ne. Akwai na tsutsa, akwai na gyambon ciki, akwai na hanta. Kowane da maganinsa. Awo ne ke bambanta su.

In ciwo ya daɗe, ku tafi gidan likita. Ku nuna wurin da yatsa. Ku faɗi lokacin da yake tasowa: da yunwa ko bayan cin tuwo? Likita na iya auna kashi, fitsari da jini. In awon farko bai nuna komi ba, kada ku fid da rai, ku koma.

Kada ku sha asfirin, yana tsananta gyambo.

Aman jini ko baƙin kashi ba su jiran gobe.

Tambaya: mi za ku faɗa ma likita?