Yaron da Aka Daina Aike: Waya, Kunya da Tarbiyya a Cikin Badala

A ƙarshen shekarun 1970, wata Ba'amurkiya mai nazarin zamantakewa, Enid Schildkrout, ta zauna tana lura da rayuwar yara a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal. Abin da ta rubuta, duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san shi: tunda matan aure suna cikin kulle, yara ne ke haɗa gida da gida. Yaro ne ke kai zubin adashi, shi ke sayo kayan miya, shi ke kai gudummawa gidan suna, shi ke sanar da goggo cewa an ɗaga ranar biki. Babban mutum ba ya wuce soron gidan da ba nasa ba. Yaro kuwa yana ratsa soro ya shige har ɗakin tsohuwa, ya durƙusa ya gaishe ta, ta tsokane shi, ta ba shi alawa, ya dawo da amsa.

Tun da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001 wannan aiki ya fara komawa hannun waya. Yau saƙon biki yana tafiya ta muryar WhatsApp, zubin adashi ta tiransifa. Akwai alheri a ciki, domin talla da yawan aike sun hana 'yan mata da dama karatu, sun kuma jefa wasu a hannun miyagu. Amma aiken ya tafi da wani abu. A da, kafin rana ta faɗi, yaro ya yi hulɗa da manya iri-iri. Ya koyi gaisuwa, ya koyi lissafin canji, ya koyi yadda ake isar da saƙo mai nauyi cikin ladabi, ya kuma san gidajen da zai iya zuwa ya yi kuka a rarrashe shi.

Mai wannan rubutu malama ce mai ba ɗalibai shawara a wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke cikin birni. Iyayen da ke zuwa ofishinta kusan kukansu ɗaya ne: "Malama, waya ta ɓata mini yarinya. Ba ta barci, ba ta magana da kowa, in kin taɓa wayar sai fushi da kuka." Malaman aji suna kawo nasu ƙorafin na gyangyaɗi a darasin farko. Ita kuwa yarinyar, idan aka sallami kowa aka rage daga ita sai malamar, abin da ta fi faɗa tambaya ce: "To Malama, da wa zan yi maganar?"

Wannan tambaya ce ta tura malamar neman abin da masana na wannan zamani suka ce a kan yara da waya.

Wanda ya fi tashe a cikinsu shi ne Jonathan Haidt, malami a Jami'ar New York, da littafinsa The Anxious Generation da ya fito a 2024. A ganinsa, tsakanin 2010 da 2015 ƙuruciya ta sauya kama a ƙasashe irin su Amurka da Ingila: wasa a waje ya ja baya, babbar waya ta maye gurbinsa, sannan ciwon damuwa da fargaba suka ƙaru a tsakanin matasa, musamman 'yan mata. Laifin da ya ɗora wa manya biyu ne, cewa sun tsaurara tsaro a kan yara a waje, suka kuma sake su sakaka a intanet. Ya ba da shawarar kada a ba yaro babbar waya sai ya kai kamar shekara 14, kada ya shiga kafafen sada zumunta sai ya kai 16, a hana waya a makarantu, a kuma bar yara su yi wasa da junansu ba tare da babba ya tsaya a kansu ba.

Ɓangaren farko na zarginsa ya dace da Kano, sai dai tsoron iyayen Kano yana da dalili. Ba a manta da yaran nan da aka sace daga Kano aka gano su a Onitsha a 2019 ba. Ga faɗan daba, ga ƙwacen waya da ya ci rayuka. Ko tashen watan azumi, wanda yaran birni ke ɗoki duk shekara, 'yan sanda sun sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa da daddare, da filin da samari ke langa, akasari sun zama shaguna ko wurin ajiye mota. Uwar da ta ce "gara ta zauna a gida ina ganin ta" ba ta yi wauta ba. Sai dai jikin yarinyar ne a gida. Hankalinta yana wani wuri da uwar ba ta san ƙofarsa ba.

Ba kowane masani ne ya yarda da Haidt ba, kuma ya kamata iyaye su ji wannan kafin su yanke hukunci. Candice Odgers ta Jami'ar California ta soki littafin a mujallar Nature a 2024, tana cewa don abu biyu sun ƙaru a lokaci ɗaya ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Kafin nan, a 2019, Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun bi bayanan matasa fiye da 350,000, suka ce alaƙar da ke tsakanin amfani da na'urori da walwalar matashi ƙarama ce ƙwarai. Wata tambayar da masu suka ke yi ita ce: waya ce ke jawo damuwa, ko damuwa ce ke kora yaro zuwa waya?

A ofishin malamar, amsa ta biyu ta fi yawan bayyana. Misalin da ta fi cin karo da shi shi ne na yarinyar da aka saki mahaifiyarta, ta zauna a gidan uba tare da matarsa. Uban ya kama ta tana latse-latse da tsakar dare, ya ƙwace wayar, ya zo makaranta yana neman a ja mata kunne. Da aka bi a hankali, sai a tarar wayar ce kaɗai hanyar da take jin muryar Ummanta. Akwai kuma waɗanda abin ya wuce haka: wani da yarinya ba ta taɓa gani ba ya fara tura mata data, ya saurari kukanta, ya yabe ta, sannan ya nemi hoto. Irin wannan mutum ba wayo ya fi iyayenta ba. Ya dai ba ta lokaci da kunne, abin da ta rasa a gida.

Kano ta daɗe tana fargabar sabuwar na'ura. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya kawo labarin ƙurar da ta tashi lokacin da aka buɗe silimar Palace a Jakara a 1951, silima ta farko a cikin badala. A 2007 an ƙone littattafan soyayya a bainar jama'a. Yau kuma TikTok ne a gaban Hisbah da kotuna. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana nazarin finafinan Hausa, ya nuna cewa babban abin da ya harzuƙa jama'a a kansu shi ne yadda suka fito da cikin gida, wurin sirrin mace, suka baje shi a idon duniya. Babbar waya ta zarce fim nesa ba kusa ba. Tana fitar da ɗakin yarinya waje, tana shigo da baƙo har gefen katifarta, ba tare da ya yi sallama a soro ba.

Amma akwai abin da marubutan Amurka ba su taɓo ba domin ba a gidajenmu suka tashi ba, wato kunya. A al'adar Bahaushe, uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta bayyana wa marubuciya Mary Smith wannan dalla-dalla a tarihin rayuwarta da aka buga a 1954. Uba kuma ana girmama shi ne daga ɗan nesa: a gaishe shi, a karɓi umarni, a tashi. Wanda ya kalli wannan kaɗai zai zaci yaron Bahaushe ya tashi cikin rashin kulawa. Ba haka ba ne. Al'adar da ta sanya kunya tsakanin yaro da iyayensa ita ce ta buɗe masa wasu ƙofofin. Akwai kaka, wadda ke kiran jikanta "mijina", jikanyarta "kishiyata", wadda ake faɗa wa komai cikin raha. Akwai goggo, akwai kawu, akwai taubashi, akwai tsohuwar maƙwabciya da ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Yarinyar da ta fara ganin jinin al'ada, ko wani saurayi ya tare ta a lungu, ba uwa take fara nufa ba, ɗakin kaka take shiga.

Yanzu matasan ma'aurata suna barin gidan gado su koma Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Ɗanbare ko Kuntau, kowa da gidansa da get. Manyan gidajen cikin birni ana raba su gado, a yanka su ƙanana. Kaka sai ranar Juma'a ko da Sallah. Kunyar tana nan yadda take, amma ƙofofin da ke rage mata nauyi sun rufe ɗaya bayan ɗaya. A ganin malamar, wannan shi ne ainihin ciwon, kuma ƙwace waya ba ya warkar da shi.

Sannan akwai wayar iyaye, wadda ba a cika kawo ƙararta ofis ba. Tun a shekarun 1970 wani masani, Edward Tronick, ya yi wani gwaji da ya shahara: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska na 'yan mintoci, kada ta mayar masa da murmushi ko motsi. Jaririn yakan yi ta ƙoƙarin jawo hankalinta, in ya gaza ya kau da kai ya fashe da kuka. A 2014, likitar yara Jenny Radesky da abokan aikinta sun zauna a gidajen cin abinci a yankin Boston suna lura da manya 55 da suka zo da yara. Arba'in daga ciki sun ciro waya yayin cin abincin, kuma waɗanda suka fi nitsewa a cikinta sun fi saurin yi wa yaro tsawa idan ya nemi a kula shi. Sherry Turkle ta jami'ar MIT, a littafinta Reclaiming Conversation na 2015, ta kawo hirarraki da yaran da ke ƙorafin cewa suna gasa da waya a kan hankalin iyayensu, ta kuma jaddada cewa a hira ido da ido ne yaro ke koyon tausayi.

Ba zargi ake yi ba. Uwa da yawa a cikin birni da wayar nan take ciyar da gida: atamfa, turaren wuta, kayan kicin, duk a WhatsApp take baje su, kuma mai saye ba ya jira. Uba ya wuni a Kantin Kwari ko Singa, ya biya majalisa, ya shigo a gajiye, ya kishingiɗa yana sauraron siyasa a Facebook. Jariri ya yi rigima, a miƙa masa waya da zanen wasan yara don a samu a gama tuwo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Idan uba ya ce wa malamar jan yaro a jiki yana kawo raini, takan tuna masa abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito: Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi kuwa ya nuna masa cewa wannan rashin jinƙai ne. Ya kuma yi sallah yana ɗauke da jikanyarsa Umama. Kwarjininsa bai ragu ba.

Abin da malamar ke gaya wa iyaye ba shi da tsada. Kafin a ƙwace waya, a zauna a tambayi yaro da wa yake magana, me yake samu a wurinsa, a kuma haƙura a ji amsar har ƙarshe ba tare da zagi ba. Wayoyin gida duka, har da ta Alhaji da ta Hajiya, su kwana a wuri ɗaya wajen ɗakin barci. Wayar farko ta zama ƙarama mai maɓalli. Mafi muhimmanci, kowane yaro a nema masa babba amintacce ɗaya, goggo ko kawu ko yaya ko kaka, a kuma gaya masa a fili: "Abin da kike jin nauyin faɗa mini, je ki faɗa wa Goggo, na yarda." Idan kakar tana Yakasai ku kuna Rijiyar Zaki, ku riƙa kai jika ya kwana wurinta a ƙarshen mako.

A wuri ɗaya Haidt ya yi gaskiyar da ba a musu: gida ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai. Yarinyar da aka hana waya alhali duk ajinsu suna guruf ɗaya, ita ce za ta zama saniyar ware. Ostiraliya ta bi hanyar doka, majalisarta ta amince a Nuwamban 2024 da hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta. Cikin birnin Kano yana da abin da zai iya aiki tun kafin doka: mai unguwa, limamin masallaci, makarantar Islamiyya, taron iyaye da malamai. Iyayen aji ɗaya za su iya yin magana ɗaya a kan shekarun ba da babbar waya. Lungu ɗaya zai iya ware wuri bayan la'asar, dattawa biyu su shimfiɗa tabarma a gefe, yara su yi wasansu. Ƙananan aike na cikin unguwa, da rana, yara biyu-biyu, za a iya dawo da su.

Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin gida da ofishin malama. Yaron da ya yi mako biyu ko fiye ba ya cin abinci ko barci yadda ya saba, ya daina abin da yake so, yana yawan kuka ko keɓe kai, ko ya fara cewa gara ya mutu, ba shagwaɓa yake yi ba. A yi masa addu'a, a kuma kai shi ga likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, kuma Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 da ta tanadi kare mutuncin masu neman irin wannan magani. Iyaye, idan kun ga waɗannan alamu, kada ku jira ƙarshen zangon karatu, ku zo makaranta ku yi magana da malaman yaranku a wannan makon.