Darasi: Mu Koyi Tuƙa Kwalekwale Tun Da Rani

'Yan'uwa, a ambaliyar 2012 da ta 2022 kogin Binuwai ya cinye hanyoyi tun daga Numan har Lokoja. A ƙauyuka da yawa, sai da kwalekwale ake kai marar lafiya asibiti. Ranar ambaliya ba ranar koyo ba ce. Mu gwada da rani, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, tare da masuncin da ya san aikin.

1. Zama: Kowa ya zauna a tsakiya, a raba kaya daidai. Kada kowa ya miƙe.

2. Juyawa: In za mu juya dama, mu tuƙa ta hagu.

3. Ƙetarewa: Mu karkata gaban jirgin zuwa inda ruwa yake fitowa, gama ruwa zai janye mu ƙasa.

4. Kifewa: Mu riƙe jirgin, kada mu sake shi. Jirgin katako ba ya saurin nutsewa.

Tambayar tattaunawa: A ikilisiyarmu, mutum nawa ne za su iya ƙetarar da mai naƙuda da dare? Mata nawa ne a cikinsu?