Yaron da Ya Buɗe wa Makafi Littafi

Idan mun ga makaho yana bin takarda da yatsa yana karatu, mu tuna da Louis Braille, mutumin Faransa, wanda aka haifa a 1809. Yana shekara 3 ya tsokane idonsa da basilla a shagon mahaifinsa, baduku mai ɗinka kayan doki. Ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance. A makarantar makafi ta Paris ya tarar da littattafai masu manyan haruffa masu tudu, ga wuyar karantawa. Yana shekara 15, sa'an 'yan aji ukunmu, ya tsara rubutu da ɗigo 6 kacal, waɗanda kan yatsa ɗaya ke rufewa. Abin takaici, makarantar ba ta amince da tsarin ba sai 1854, shekara 2 bayan rasuwarsa.