Kafin Ku Cike Fom ɗin JAMB

'Ya'yana, duk shekara idan aka fitar da jerin manyan jami'o'in duniya sai in ji ku kuna ta musu a majalisa. Wannan ya ce ABU ce uwa, wancan ya ce ai bana BUK ta sha gabanta, ɗan Sakkwato na gefe yana cewa ba a yi wa Ɗanfodiyo adalci ba. Musun ba laifi ba ne. Amma tunda wasunku da wannan jeri za su zaɓi inda za su shafe shekara huɗu ko biyar, ku matso mu duba mudun da ake awon da shi.

Jerin Shanghai, wanda wata jami'ar Sin ta fara fitarwa a 2003, yana ba da kashi 30 cikin 100 na maki ga lambar Nobel da lambar Fields ta lissafi da malamai ko tsofaffin ɗalibai suka ci. Wani kashi 20 kuma na maƙalun da aka buga ne a mujallun Nature da Science. To ku gaya mini, malamar da ta iya koyar da shari'a ko aikin jinya har ɗalibi ya fahimta, a wane layi za ta fito? Jerin QS shi kuma babban kasonsa ra'ayin malaman jami'a ne da ake tambaya wace makaranta suke ganin girmanta. Mutum kuwa sunan da ya saba ji shi yake ambata, shi ya sa tsohon suna yake ta haifar sabon maki. Webometrics na Sifaniya, wanda jaridunmu ke yawan yayatawa, ya fi karkata ga yadda jami'a ta bayyana a intanet.

Sannan alƙaluman da yawa jami'o'in ne da kansu suke miƙawa. A 2022 wani farfesan lissafi a Jami'ar Columbia ta Amurka, Michael Thaddeus, ya binciki abin da makarantarsa ta aika wa mujallar U.S. News, ya nuna akwai ƙari a ciki, har da batun yawan ɗalibai a aji. Jami'ar ta amsa cewa wasu alƙaluman ba daidai ba ne, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Malaman nan dai su ne, ɗakin karatun ma bai canja ba. A 2023 Jami'ar Utrecht ta Holan ta ƙi ma miƙa bayananta ga jerin Times Higher Education.

Ban ce ku watsar da jerin gaba ɗaya ba. Mai neman digiri na uku a waje zai amfana da sanin inda bincike ya yi ƙarfi, kuma Birtaniya ta fito da wata biza a 2022 da ta jingina kacokan ga irin waɗannan jerin. Sai dai kai da za ka shiga aji ɗaya, sashe za ka zauna, ba jami'a duka ba. Mai son noma ya san darajar cibiyar bincike ta Samaru a Zariya da cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ta BUK, ko da wane mataki aka ajiye jami'o'in bana.

Saboda haka ku fara da tambayar ko hukumar NUC ta tantance kwas ɗin, domin kwas-kwas take tantancewa. Likitanci sai da amincewar MDCN, injiniyanci sai da COREN. Masu hangen ƙetare kuma ku tuna Janairun 2024, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida.

Daga nan gani ya kori ji. Ku shiga mota ku je. Ku samu ɗan aji uku a sashen, ku tambaye shi su nawa ne a aji, ko ya taɓa riƙe kayan ɗakin gwaji da hannunsa, ko farfesoshin da sunansu ke allo suna shigowa, da kuma wata nawa sakamako ke yi kafin a manna shi. Ke kuma 'yata, ki leƙa ɗakin kwanan mata ki ga ruwa da tsaro, sannan ki zauna da mahaifinki ku lissafa kuɗin rajista da na mota har zuwa shekarar ƙarshe.