Ambulan ɗin manaja da haƙƙin masu ɗaukar tire

Tun da manyan jiragen ruwan shaƙatawa suka fara tashi daga Jidda a 2021, ga kuma waɗanda ke tashi daga Dubai su zagaya Tekun Fasha duk lokacin sanyi, mutanenmu suka fara leƙa wannan harka. Wani ya gama Umara ya ƙara mako guda a Bahar Maliya, wani ya kai amarya, wani ya kwashi iyali daga Landan ya je Basalona ya hau. Da yake na yi shekaru ina aiki a ɗakin cin abincin irin waɗannan jirage, tun ina ɗaukar tire har aka ba ni sashe ina kula da shi, tambayar da aka fi yi mini ita ce: mutumin nan mai baƙar kwat da ke tsayawa bakin ƙofa yana gaisawa da kowa, nawa ake ba shi? Ba dole ne ka ba shi ko sisi ba. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne, kuɗin da ake kai masa sau da yawa daga bakin waɗansu ake ƙwato shi, mai bayarwar kuma bai sani ba.

Sai ka san yadda ɗakin yake kafin ka san inda kuɗinka ya dace. Teburinka yana da weta, wanda ke karɓar oda ya kawo abinci, da mataimakinsa mai zuba ruwa, mai kawo burodi, mai kwashe kwanuka, wanda kuma ke ɗauko tire mai nauyi daga kicin sawu bayan sawu. A samansu akwai shugaban sashe, mai kula da wetoci da dama. A saman kowa sai manajan ɗakin, wato mai baƙar kwat ɗin nan, wanda ma'aikata ke kira metar-di. Shi ke raba tebura, shi ke tsara wa zai yi aiki a ina, shi ke tsayawa tsakanin ɗakin da babban kuku idan abinci ya makara. Aikinsa ba ƙarami ba ne. Jirgi irin Icon of the Seas, da ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, kuma a ciyar da dubbai a zama biyu, na wajen ƙarfe shida da na bayan ƙarfe takwas, ba tare da an yi cunkoso a ƙofa ba, sai wanda ya san hannunsa. Amma shi babban ma'aikaci ne. A jiragen da na yi aiki, albashinsa tsayayye ne, ɗakin kwanansa nasa ne shi kaɗai, yayin da weta da mataimakinsa ke kwana bibbiyu a gado mai hawa can ƙasa inda babu taga.

Su waɗannan na ƙasan, yawancin abin da suke aikawa gida daga tukuicin fasinja yake fitowa. A da, ambulan ake ajiye wa fasinja a ɗaki daren ƙarshe, kowanne da sunan muƙami a bayansa. Yanzu kusan duk manyan kamfanoni sun koma cirar kuɗin kai tsaye, kullum, daga asusun da ke haɗe da katin ɗakinka. A ƙarshen 2023 Royal Caribbean ya kai nasa dala 18 ga kowane mutum a kowace rana, Norwegian kuwa dala 20 tun farkon shekarar, kuma ana ƙarawa lokaci zuwa lokaci. Ka lura, kowane mutum aka ce, ba kowane ɗaki ba. Magidanci da matarsa da 'ya'ya uku, kwana bakwai a kan dala 18, dala 630 ke nan. Wanda ya sayi tikiti a hannun ejan da bai yi masa wannan bayani ba, ranar da ya ga lissafin a talabijin ɗin ɗakinsa sai gabansa ya faɗi, musamman idan ya juya shi zuwa naira ko sefa.

Daga nan ne matsalar take farawa. Mutumin namu ya taso a inda idan ka shiga wuri, babba kake nema ka gaisar, ka saka masa wani abu a hannu, ka tabbata na ƙasa da shi za su samu rabonsu. Sai ya je wurin karɓar baƙi ya ce a soke masa kuɗin kullum ɗin nan, wanda kamfanoni da yawa sukan yarda a rage ko a cire idan fasinja ya nema, sannan ya sa dala ɗari a ambulan ya miƙa wa mai baƙar kwat, ya tafi yana ganin ya yi karamci. Wani dattijo ya taɓa riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ai na riga na sallami babbanku, shi zai raba muku." Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri, amma a nan babba ba ya rabawa. Abin da ka ba shi nasa ne." Ya yi shiru, ya ce to wa ke cin wancan da na soke? Na lissafa masa: wetan da ke kawo masa shayi, yarinyar da ke share wa jikarsa tebur, mai gyara masa gado sau biyu a rana, da waɗanda bai taɓa gani ba kuma ba zai gani ba, masu hidimar wurin ɗebi-da-kanka da waɗansu na bayan fage, gwargwadon tsarin kamfanin. Abin ya zama kamar ka je biki ka yi wa uban ango liƙi, ka hana masu tuƙa tuwo ladansu.

Idan kana son ganin yadda kamfanonin da kansu suke auna abin, dubi Disney, da ke bayyana rabon a fili. Lokacin da kuɗinsu yake dala 14.50 a dare, weta na da 4.75, mai gyaran ɗaki 4.75, mataimakin weta 3.75, shugaban sashe 1.25. Manajan ɗakin cin abinci kuwa ba a yanka masa komai ba, an bar wa fasinja ya ga dama. A tsohon tsarin ambulan na Royal Caribbean ma, abin da ake ba da shawarar a ba shugaban sashe santi 75 ne a rana. Wato daga weta zuwa sama, duk sanda muƙami ya hau, rabon tukuici sauka yake yi.

Akwai wani abin da fasinja ba su cika sani ba. A wasu jiragen, idan ka soke kuɗin kullum, sunanka yana fitowa a takardar da ake kai wa shugabannin sashe. Sai a kira wetanka a tambaye shi laifin da ya yi maka. Idan kuma ka ba shi kuɗi a hannu bayan ka soke, dokar kamfanin ta ce ya miƙa su a zuba a asusun kowa. Ka ga ko niyyarka ta fifita shi ba ta cika ba, ga tuhuma ka jawo masa. Wanda ya bar kuɗin kullum yadda yake, sannan ya ƙara wa weta wani abu a hannu, wannan ƙarin nasa ne halak malak.

Waɗannan mutane, yawancinsu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya, da ɗaiɗaikun 'yan Afirka irinmu, kwantiragin wata shida zuwa tara suke yi, babu ranar hutu ko ɗaya a ciki, sai dai awoyi. Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan teku ta 2006, da ta fara aiki a Agustan 2013, ta wajabta hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako. Ka cire 77 daga awa 168 na mako, ka ga abin da doka ta halatta a sa mutum ya yi a tsaye. Jiragen kuma galibi suna ɗauke da tutar Bahamas ko Fanama ko Malta, don haka mafi ƙarancin albashin Amurka ko na Turai bai shafe su ba. Ni kaina ban ga kyan wannan tsari ba. Kamfani ya kamata ya biya ma'aikacinsa ya sa a kuɗin tikiti, kamar yadda P&O na Ingila ya yi a 2019 da ya daina cirar kuɗin kullum, da yadda jiragen masu hannu da shuni irin Silversea da Seabourn suke yi. Amma wanda ya soke kuɗin don ya hukunta kamfani, bulalarsa ba ta kai kan kamfani ba.

To yaushe manaja ya cancanci ambulan? Idan ya yi maka aikin da ya wuce gaisuwa. Mu Musulmi kuwa mun fi kowa buƙatar irin wannan aiki, shi ya sa nake cewa ka neme shi tun ranar da ka hau, da yamma kafin zaman farko, lokacin da yakan zauna don sauraron buƙatun tebur. Naman halal a yawancin jiragen Turai da Amurka sai an nema tun kafin tafiya, makonni kafin ranar tashi, wani kamfanin har wata biyu ko uku, domin a tashar farko ake loda shi. Amma samun naman a firiza daban, isowarsa farantinka yadda ya kamata daban. Kicin ɗin jirgi yana zuba giya a wuraren da ba ka zata ba: a romon da ake kwarara wa nama, a shinkafar Italiya, a kayan zaƙi. Akwai miyar da aka ɗora a kan romon alade, akwai ɓarɓashin naman alade da ake barbaɗa wa salak. Manaja nagari zai sa shugaban sashe ya riƙa kawo maka jerin abincin gobe tun daren yau, ka zaɓa, a dafa naka a gefe. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin lokacin jiragen Dubai, kuma na ga manajan da ya mayar da iyali guda zaman da ya dace da faɗuwar rana, ya sa aka ajiye musu dabino, ya shirya da masu kai abinci ɗaki a riƙa kai sahur kafin asuba. Na ga wanda ya haɗa tebura uku a lungu don hajiya mai niƙabi ta ci abinci a sake. Mutum ya yi maka haka mako guda, ka wuce shi hannu rabbana, gaskiya bai yi kyau ba.

A ganina dala 10 zuwa 20 sun isa ga alfarma guda, kamar sauya tebur. Wanda ya ɗauki nauyin abincin iyalinka tun daga hawa har sauka, dala 30 zuwa 50 daga iyalin gaba ɗaya ba ta yi kaɗan ba. Sau da yawa ma za ka tarar shugaban sashe ne ya yi wahalar, manaja umarni kawai ya bayar, to ka bi wanda ya yi zirga-zirgar. Ka ba da dala ko yuro, sabbin takardu, domin naira da sefa ba su canzuwa a tashoshin da ma'aikata ke sauka. Akwai kuma kamfanonin da suka rubuta cewa ba sa ƙarfafa ba ma'aikaci kuɗi a hannu, don haka ka karanta takardar da aka ajiye maka a ɗaki.

Ka bari sai daren ƙarshe kafin ka miƙa ambulan ɗin. Kuɗin da aka cusa wa manaja ranar farko don a ba ka tebur kusa da taga, alhali an riga an rubuta wa wani, ya tashi daga tukuici ya koma toshiyar baki, kuma ka saka shi a tsaka mai wuya, domin na'ura tana nuna wanda ya sauya tebur da dalilinsa. Yawancin abin da mutane ke son saye da kuɗin nan, da sun tambaya da ladabi kyauta za a yi musu. Haka nan a mashaya da shagon kofi, ko lemo ka saya, an riga an ɗora tukuicin kashi 18 ko 20 cikin ɗari a kan rasit, layin da ke ƙasa na ƙari ne ga wanda ya so.

Bayan ka sauka za a aiko maka da takardar jin ra'ayi ta imel, kuma mutanenmu ba su cika buɗe ta ba. A ɗakin cin abinci da makin wannan takarda ake yanke wa za a ba sashe mai tebura da yawa, wa za a ba awoyin fita gari idan an tsaya a tasha, wane mataimaki zai zama weta a kwantiragi mai zuwa. Sunan da fasinja ya rubuta da hannunsa yana shiga fayil ɗin ma'aikaci. Don haka tun kana jirgi ka dubi bajon da ke ƙirjin wetanka da na mataimakinsa, ka rubuta sunayen a waya yadda suke, harafi da harafi, domin a jirgi guda ana iya samun masu suna ɗaya su biyar.