Takardar kwana biyar ba ta mai da malami mai ba ɗalibai shawara

Tun da aka koma lakwal bana, tambaya ɗaya ke ta zo mini daga malaman Damargu, musamman na wajen Tarka da Belbeji, kuma kusan duk da lafazi ɗaya. Wai an buɗe wata formasiyo ta kwana biyar, wasu sun ce ta mako uku ce a WhatsApp, wadda in mutum ya biya 'yan jikkuna za a ba shi takarda, daga nan ya zama mai ba ɗalibai shawara, har ma a ɗauke shi daga aji a ba shi ofis a kwaleji. Yawancin masu tambayar malaman kwantaragi ne da suka gaji da alli da jiran albashi, kuma ban ga laifinsu ba don sun nemi ci gaba. Amma amsar a taƙaice take: wannan magana ba gaskiya ba ce. Babu inda kwana biyar ke mai da mutum gwanin wannan aiki, a Nijar ne ko a wajenta.

Na san inda jita-jitar ta samo tushe. Ƙungiyoyin agaji kan tara malamai a Damagaram ko Tanut, a yi kwana uku ko biyar ana bayani kan kare yara ko kan karatun 'ya'ya mata, a raba kuɗin zama, ranar rufewa a miƙa wa kowa takarda mai tambari da sa hannu. Taron yana da amfaninsa. Sai dai ku ɗauko takardar ku karanta abin da aka rubuta a kanta da kyau: shaida ce cewa wane ya halarci taro. Ba ta ce ya ci jarrabawa ba, ba ta ce wani ya zauna ya ga yadda yake magana da yaro ba. Masu wayo suka lura malamai na daraja irin wannan takarda, sai suka mai da ita haja, suna tura darasi ta murya da daddare, suna karɓar kuɗi ta waya. Wanda ya ga ana yin allura sau biyar a likita bai zama ma'aikacin jinya ba, kuma babu uban da zai miƙa masa hannun ɗansa.

Akwai wata maganar da ta fi wannan ci mini rai, domin ita manya ne ke yin ta. Sai ka ji an ce: "Shawara? Ai nasiha ce, kowane dattijo ya iya." Daga nan sai a dubi malamin da murya ta fara gaza masa, ko wanda aka rasa ajin da za a ba shi, a ce shi ne zai riƙa jin matsalolin yara. Nasiha abu ce mai kyau, addininmu ma ya yi umarni da ita. Amma mai nasiha shi ke magana, yaro na sunkuye da kai yana cewa "to, Malam." A aikin da nake nufi yaron ne ke magana, kuma samun ɗan shekara goma sha huɗu ya buɗe baki ya faɗi abin da ke cin sa a gaban babba, a ƙasar da aka tarbiyyantar da shi kan kunya da kawaici, fasaha ce da ake shekaru ana koyo.

Ga misalin da duk malamin kwaleji a Damargu ya sani. Yarinya ta gama firamare a ƙauyensu, an turo ta aji shida a garin da kwaleji yake, an ajiye ta gidan wani mai masauki. Kullum sai rana ta take take shigowa, tana gyangyaɗi a aji, makinta na zubewa. Mai kula da ladabtarwa ya tsayar da ita a ƙofa. Mai nasiha ya kira ta ya ce ta ji tsoron Allah ta tuna wahalar iyayenta. Ta yi kuka, ta ce ta daina, gobe ta sake makara. Wanda ya koyi aikin zai zaunar da ita inda ba a jin su amma ana ganin su, ya tambaye ta ƙarfe nawa take tashi, me take yi kafin ta fito, me ta ci da safe. A nan ne zai ji cewa ita ke zuwa rijiya kafin gari ya waye, ita ke daka, ita ke wanke-wanke, kuma sau da yawa da yunwa take fitowa. Maganin wannan yana wajen mai masaukin da uban yarinyar da ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, kuma sai an san yadda za a tunkare su ba tare da an jawo a kore ta daga gidan ba.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ga ɓarnarsa da idona a wata makaranta da ba zan ambata ba. Wani malami mai kyakkyawar niyya, da ya dawo daga irin wannan taro, ya sanar da ɗalibai cewa ƙofarsa a buɗe take. Wata yarinya ta yarda da shi, ta gaya masa wani abu da ya shafi mutuncinta. Shi kuwa, don neman shawarar abokan aiki, ya kawo zancen a inda malamai ke shan shayi. Kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya kai ƙauyensu, aka zo aka tafi da ita, ba ta sake taka makaranta ba. Riƙon sirri shi ne darasin farko a wannan fanni, tare da sanin iyakarsa: yaushe ne dole ka sanar da wani domin ran yaro ko lafiyarsa na cikin haɗari, wa za ka sanar, kuma yaya za ka gaya wa yaron tun farko cewa akwai wannan iyaka. Ba a koyon wannan ta saƙon murya.

Buƙatar kuwa a fili take. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Tanut, makarantu sun ƙaru, amma abubuwan da ke fitar da yara daga aji suna nan. 'Ya'yan makiyaya na bin dabbobi idan iyaye suka tashi. Samari na kallon motocin da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ga labarin Libiya da Aljeriya, ga na zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. 'Yan mata kuma aure na jiran su: alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 don kare yarinyar da ke karatu, an kuma buɗe gidan kwanan 'yan mata a Kelle a 2021. Amma doka da gini ba sa zama su saurari yaro.

Aikin nan yana da tarihi da ƙa'idoji. Frank Parsons ya buɗe ofishin ba matasa shawarar sana'a a Boston ta Amurka a 1908. A Najeriya ana danganta farkonsa da 1959, a makarantar 'yan mata ta St Teresa da ke Ibadan, sannan manufar ilimi ta ƙasar ta 1977 ta amince da shi. Fanni ne da ake ba da digiri a kansa.

To, wace hanya ce ta gaskiya? Mai BAC ya fara da lisans, shekara uku, a fannin ilimin halayyar ɗan Adam ko kimiyyar tarbiyya. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashen ilimin halayyar ɗan Adam, jami'ar Tawa kuma tana da tsangayar kimiyyar tarbiyya. Bayan lisans sai masta, shekara biyu, da kundin bincike. Shekara biyar ke nan bayan BAC, in komai ya tafi daidai. Malamin da ke cikin aikin gwamnati yana da ƙofar babbar makarantar horon malamai ta Yamai, ENS, wadda ake shiga ta konkur, kuma sanarwar kowace shekara ce ke faɗin ɓangarorin da aka buɗe. A kula a nan, don da yawa na rikicewa: mai ba malamai shawara kan yadda ake koyarwa, wanda ke yawo da sufeto, aikinsa daban ne da na mai zama da ɗalibi. Ka karanta sanarwa ka san wanne kake nema kafin ka ajiye takardu.

A cikin shekarun nan ana koyon yadda hankalin matashi ke girma, da dabarun saurare da tambaya, da yadda ake gane yaron da ke buƙatar likita maimakon magana. Ana koyon gwaje-gwajen basira, da kuma dalilin da ya sa gwajin da aka tsara don ɗan Faransa zai zalunci yaron da ya tashi da Hausa ko Tamajak. Ana sanin hanyoyin karatun ƙasa ciki da waje: bayan BEPC wa ya dace da lise, wa zai je ɓangaren adabi wa zai je na kimiyya, wa zai fi samun kansa a cibiyar koyon sana'a ko makarantar fasaha, me makarantar horon malamai ta Askia Mohamed a Damagaram ke buƙata, yaya ake neman tallafin karatu a ANAB. Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne estaj, wato watannin da za ka yi kana aiki da yara na gaske, wani gwani yana bibiyar ka yana gyara maka. Duk karatun da babu wannan a cikinsa, ka riƙe kuɗinka.

Wanda ke jin Ingilishi yana iya tsallakawa kudu. Jami'ar Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna koyar da wannan fanni a matakin gaba da digirin farko, kuma wanda digirinsa ba na ilimi ba ne yawanci sai ya fara da diflomar koyarwa ta shekara ɗaya. Amfanin karatu can shi ne yaran da za ka yi estaj da su Hausawa ne, matsalolinsu sun yi kama da na gida.

Yanzu ga gargaɗin da nake so ya zauna a kunnen kowa. Kafin ka biya ko dala ɗaya, ka tabbatar da wanda zai amince da takardar in ka gama. Ka tambayi makarantar izinin da ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba ta, ka gan shi a rubuce. Ka tambaya ko CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968 mai mazauni a Wagadugu, ta amince da diflomar. In daga Najeriya ka samo ta, ka sani sai ka nemi a daidaita ta da ta gida in ka dawo, don haka ka binciki sharuɗɗan tun kafin ka tafi. In kai ma'aikacin gwamnati ne, kada ka sulale ka tafi karatu don darakta ya ce "je ka, zan rufa maka." Ka nemi a sa ka a matsayin mai ƙaro ilimi a hukumance, da takarda daga ma'aikata. Na ga mutanen da suka sayar da shanun gado suka yi shekara biyu a waje, suka dawo da difloma ta gaske, aka ce musu ba za ta ƙara musu matsayi ba domin ba da izini suka tafi ba. Maganar baki ba ta shiga fayil. Araha kuma ba ta ado: duk wanda ya ce zai ba ka a mako uku abin da jami'a ke bayarwa a shekara biyar, kuɗinka yake so.

Su ma hukumomi da masu ba da agaji suna da nasu kason. Kuɗin da ake kashewa a taron kwana uku, da abinci da kuɗin zama da man mota, in aka tara na shekara zai ɗauki nauyin karatun 'yan Damargu da dama har masta. Kuma in an horar da mutum sai a bar shi a Yamai ko Damagaram, ƙauye ya ci gaba da jira. Tarka na buƙatar 'ya'yanta, masu jin Hausa da Tamajak da Fulatanci, waɗanda za su iya zama a tabarmar uba su yi magana a ji su. Tana buƙatar mata musamman, domin akwai abin da yarinya ba za ta taɓa gaya wa namiji ba ko da ya fi kowa ilimi.

Kafin a samu ƙwararre, malamin aji na iya yin abu uku ba tare da ya kira kansa abin da bai zama ba: ya saurara har yaro ya gama, ya riƙe abin da ya ji, ya kai abin da ya fi ƙarfinsa wajen likita ko ma'aikatan kare yara. Ku kuma 'yan'uwana malamai da kuka rubuto mini, in da gaske kuna son aikin nan, ku haɗa takardunku ku nemi lisans ko ku shirya wa konkur mai zuwa, ku bar masu sayar da takardar WhatsApp da hajarsu.